Allon da Na Aika wa Dije

Akwai maganganu biyu da na sha jin kuna yi a kaina, ku 'ya'yana, wani lokaci a gabana, wani lokaci ta bayan zana kuna zaton ba na ji. Ta farko ita ce wai ban zama sufeton makarantu ba don ba ni da kowa a sama. Ta biyu ita ce wai ni mutum ne mai buɗaɗɗen hannu, tunda na ɗauki abin da na fi ji da shi na ba gwaggonku Dije kyauta. Na daɗe ina barinku a kan haka domin duka biyun suna yi mini daɗi. Amma yanzu na ajiye alli, kuma ba na so in bar ku kuna zargin mutanen da ba su yi mini komai ba, kuna yabona da abin da ban fara da niyyarsa ba. Maganganun nan biyu labari ɗaya ne, kuma a shekara ɗaya ya faru. Zan faɗe shi iyakar abin da na iya tunawa. Inda nake shakka zan ce ina shakka.

Sai na fara da littattafai. Na dawo Dogon Dutsi daga jami'a a Yamai da akwatin ƙarfe biyu, ɗaya na tufafi wanda bai cika ba, ɗaya na littattafai wanda sai mutum biyu sun kama. Aka ba ni aji a sakandare ina koyar da tarihi da labarin ƙasa. A lokacin, in kana son littafin da ya wuce na aji, sai ka jira mai zuwa Yamai ka rubuta masa sunan a takarda, ya je ya dawo ya ce bai samu ba, ko ya kawo maka wani daban mai bango iri ɗaya. Don haka duk wanda aka san yana da littattafai a garin nan, gidansa ya zama rijiya. Kun san al'adarmu ta aro. Turmi, tsani, amalanke, babbar tukunyar suna, ba a hana maƙwabci. Kuma wanda ya ba da aro ba ya zuwa biɗa, sai dai mai aron ya tuna da kansa. Turmi yana dawowa, domin duk wanda ya gan shi a tsakar gidan wani zai gane shi. Littafi kuwa yana shiga ƙarƙashin katifa, daga nan ya bi ɗan gidan zuwa Doso, daga can Allah kaɗai ya san inda ya kwana. Cikin shekara ashirin akwatin nan ya koma wurin ajiyar barguna. Na taɓa ganin wani littafina a hannun mai tsire a tasha yana yage shi shafi-shafi, da rubutuna a gefe. Na sayi tsiren, na wuce.

Wani abokina na jami'a da aiki ya kai Turai shi ya kawo mini na'urar karatu a wani zuwa da ya yi. Faransawa na ce mata lizoz, amma innarku Rabi tana ganinta ta ce wannan ai allo ne, kuma sunan ya zauna. Bai fi tafin hannu biyu ba. Fuskarsa toka-toka ce kamar takarda, ba ta ƙyalli, ana karatu da shi ko a tsakiyar rana, kuma caji ɗaya yana kai shi mako uku ko huɗu, abin da ya fi komai a garin da wuta ke yawan ɗaukewa da bazara. Abokina ya zuba mini wasu littattafai da ya saya da katin bankinsa, na ilimin koyarwa da na dokokin aikin makaranta, har da na nahawu da lissafi, irin waɗanda ban taɓa gani a Yamai ba. Sauran ni na tara da kaina cikin shekara uku. Nakan je shagon intanet in zauna ina kallon littafi ɗaya yana saukowa kamar ɗigon tulu mai tsaga, yana gab da gamawa wuta ta tafi, in dawo washegari in sake. Waɗanda ake bayarwa kyauta yawancinsu tsofaffi ne, masu su sun daɗe da mutuwa. Sababbin kuwa na yi ƙoƙarin saye da kaina, aka nemi katin da ba ni da shi. Ranar da wani ya ara mini nasa, sai aka rubuto cewa ba a sayar wa ƙasar da nake. Na Hausa na nema har na gaji, abin da na samu bai cika yatsun hannu ba. Duk da haka na tara abin da ya ninka akwatina sau da yawa, kuma kowane littafi na bi shi da jan layi da 'yan bayanai a gefe, domin allon yana karɓar rubutu.

Ga abin da ban taɓa faɗa muku ba. Abin da ya fi faranta mini rai da allon nan ba yawan littattafan ba ne. Shi ne babu mai iya aron ɗaya daga ciki. In mutum ya zo ya ce ya ji ina da littafi kaza, sai in ce ina da shi, amma yana cikin allo, ba ya cirowa. Ban yi ƙarya ba, ban kuma hana ba. Mutum ɗaya ne ya gano ni, Mushe Bubakar (mushe, wato malam da Faransanci, shi ake ce wa mu malaman boko a nan), malamin lissafi, Bafulatani, wanda kun san tsakaninmu Arawa da su ba a raga wa juna.

"Ba'are ya samu rumbun da ba shi da ƙohwa," in ji shi a ɗakin malamai. "Kai bawana, hatsin da ba a ɗiba ai ba hatsi ba ne, ado ne."

Na ce, "Kai da dukiyarka ka tahiya da ƙahwa huɗu, mi ka sani ga ajiya?"

"Tawa ko tana tahiya ana tatsa. Taka wa ya taɓa sha?"

Aka yi dariya, ni ma na yi, amma maganar ta bi ni har gida.

A shekarar da nake ba ku labari aka buɗe jarrabawar shiga aikin sufeto. Shekaruna sun kai bakin iyakar da aka yanke, in ban shiga a wannan karon ba, ko na shiga ban ci ba, babu wani karo. Na ba da takarduna. Ban ce na tabbata zan ci ba, amma na san abin da nake da shi a allo ya fi na yawancin waɗanda za mu zauna tare. A wannan shekarar kuma aka ce za a yi wa malaman kwantaragi jarrabawa, wanda ya ci a bar shi a aiki, wanda ya faɗi a sallame shi. Ƙanwata Dije tana cikinsu. Tana koyarwa a wani ƙauye bayan Dogon Kiriya, garin mijinta, wanda ya rasu ya bar ta da yara uku. Aikin nan shi ne tuwonsu. Ƙauyen ba wuta, ba shagon da ake sayar da ko littafin rubutu.

Ta zo Dutsi a ƙarshen wata, ta sauka a gidanmu. Bayan la'asar tana zaune da innarku suna tsintar wake, ni ina gefe a tabarma da allo a hannu.

"Yaya," ta ce, ba ta ɗago kai ba, "nahawun Faransanci da lissahi su ka ba ni tsoro. Wanda nike da shi gara ta ci rabi. Ba ka da wani tsoho da ka gama da shi?"

Na ce, "Wallahi duk sun tahi ga aro, Dije. Ko ɗaya bai dawo ba."

Ta ce, "Allah shi kyauta."

Ta dubi allon sau ɗaya, ta koma kan wakenta. Ba ta sake tayar da maganar ba har ta tafi. Da na dawo daga raka ta tasha, innarku tana tsaye a bakin madafa.

"Mushe, ka ji abin da tac ce?"

"Na ji."

"A'a. Wanda ba ta ce ba nike nuhi."

Na ji shi sarai. Na kwana uku ina neman hanyar da zan taimake ta ba tare da allon ya bar hannuna ba. Na kai shi shagon da ake buga takardu don a fitar mata da shafukan da take buƙata. Tsofaffin littattafan suka fito, amma waɗanda abokina ya saya, waɗanda su ne masu amfanin, suka ƙi buɗewa a kwamfuta. Mai shagon ya ce a kulle suke, an ɗaure su da allon, ba sa karantuwa a wani wuri. A ranar na gane cewa littafin da aka saya ta wannan hanya ba naka ba ne irin yadda na takarda yake naka. Salularta kuma ƙarama ce mai maɓallai, ba ta ɗaukar littafi. Sai na duba kwanaki. Jarrabawarta za ta riga tawa da kusan wata biyu. In na ara mata allon mako biyar, zai dawo ya bar mini isasshen lokaci. Na ga wannan tsari ya yi, babu wanda zai cutu.

Kuskuren da na yi shi ne na ji kunyar kalma ɗaya. Yaya za ka dubi ƙanwarka, uwar marayu, ka ce mata aro ne, ki dawo da shi ranar kaza? Na zauna na rubuta mata takarda shafi biyu. Na bayyana yadda ake kunnawa, yadda ake ƙara girman rubutu, inda kowane littafi yake. Na ce kada a bar shi a rana, kada a ɗora masa kaya, kada yara su taɓa fuskarsa da hannun miya. Na faɗi komai ban da maganar dawowa, na ce a raina ai za ta fahimta. Sannan na miƙa wa innarku na ce ta ɗaure a ba direban motar da ke zuwa cin kasuwar Dogon Kiriya. Ta naɗe shi a sabon zane. Ta sa shi a sabuwar roba tare da sabulu da sukari da ganyen shayi da takalman yara, ta ɗaure bakin da ƙyalle. Ina tsaye ina kallo. Na ga cewa wannan ɗaurin tsaraba ne, ba ɗaurin aro ba, amma direba yana jira a ƙofa, na bari aka miƙa masa a haka. Ko da gangan innarku ta yi, ban sani ba. Ina da zato, amma zato ba shaida ba ne. Tana nan da ranta, ku tambaye ta. Ni duk lokacin da na tambaya dariya take yi.

Bayan mako guda, muna zaune a ƙofar gida da maƙwabta bayan sallar la'asar, Mushe Bubakar ma yana nan, sai ga wani dattijo yana jan akuya ja. Baba Na'Allah ne, yayan marigayi mijin Dije, shi ne babban gidansu. Ya yi sallama, aka gaisa, ya ƙi zama sai da ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Jama'a ku taya mu godiya. Wanga bawan Allah ya aiko ma ɗiyarmu abin da ba mu taɓa gani ba. An ce littattahan da ke ciki jaki goma ba su ɗauka. Direba mun ba shi tukwicinai. Wagga akuya kuma ta mai gida ce, ba biya ba ne, shaida ce munka gani munka gode. Yadda ka tuna da marayun ƙanena, Allah shi tuna da naka."

Kowa ya ce amin. Ya miƙo mini igiyar. Ku da kuka tashi a nan kun san abin da wannan ke nufi. Abin da aka ba wa ɗan aike tukwicinsa, aka taso dattijo ya zo godiya a gaban mutane, ya fita daga hannunka har abada. Da zan ce wani abu, a lokacin ne, kafin in taɓa igiyar. Na dubi farin gemunsa da ƙurar hanya a ƙafafunsa, na miƙa hannu biyu na karɓa. Na ce ba komai, ai yi wa kai ne. Mushe Bubakar ya sunkuyo kusa da kunnena.

"Yau an tatsi Ba'are," ya ce. "Kuma har da godiya."

Duk da haka ban fid da rai ba. Na ce in ta gama jarrabawa zan sami dabarar da zan ce ta ara mini, ni ne mai aro a wannan karon. Sai aka ɗage tasu jarrabawar. Aka sake ɗagewa. Da aka tsayar da rana ta ƙarshe, sai ta faɗo kwana goma bayan tawa. Yanzu babu maganar wani ya gama ya ba wani. Allo ɗaya ne, mu biyu ne. Na kira abokina na Turai, ya ce ko ya sayi wani allon babu mai tahowa kafin damina. Na bi abokan aiki na aro 'yan takardun da suka taɓa kwafa, wasu shafukan ba sa karantuwa, wasu dokokin an daɗe da canza su. Na yi mako biyu ina fama da su, kullum ina tuna cewa amsar tana nan a shafi kaza, da jan layina a ƙarƙashinta, a wani ƙauye bayan Dogon Kiriya. Saura mako biyar jarrabawata na ce wa innarku zan je in gaida su Dije.

"Gaisuwa," ta ce. "Da jakka wohi?"

"Zan sayi goro a tasha."

"Mushe, ni ban hana ka ba. Amma in za ka amso, ka amso da bakinka. Kada ka tahi kana kewaye-kewaye har yarinya ta gaji ta miƙo maka."

Na shiga motar kasuwa da safe, daga Dogon Kiriya na hau amalanken wani mai komawa da buhunan dusa. Ana zafin bazara irin wanda jaki ma ke neman inuwa. Na isa bayan azahar. Tun daga bakin gari aka fara yi mini maraba, mai kyauta ya zo, yayan Madam ya zo. Baba Na'Allah ya sa aka yanka zakara. Matan gidan suka zo ɗaya bayan ɗaya suna durƙusawa suna sake godiya. Kowace godiya sai in ji kamar an ƙara ɗora mini dutse. Sai da rana ta yi sanyi muka samu zama mu biyu da Dije, a gindin aduwar da ke bayan ajinta, wanda rumfar zana ce kawai. Allon yana rataye a wuyanta cikin wata 'yar jaka da ta ɗinka masa da ragowar yadi, ta sa auduga a ciki.

Na fara da tambayar karatu. Ta ce lissafi ya fara zama, nahawu ne har yanzu ke ja. Tana tashi da asuba ta yi shafi goma kafin yara su farka, ta sake yin goma a nan gindin aduwa bayan an tashi daga aji. Ta buɗe ta nuna mini inda ta kai. Ta wuce inda na zata da nisa.

"Rubutunka na gehe shi nike hwara karantawa," ta ce. "Ko'ina sai ka sa 'wataƙila', 'a sake dubawa', 'ban tabbata ba'. Har inda mai littahin ya ce biyu da biyu huɗu, kai ka ce a bincika. Sai in ji kamar kana zaune nan kana yi mini gardama."

Na yi dariya. Na ce ai bincike ba ya ɓata komai. Na yi maganar zafi, na yi maganar hanya, na tambayi lafiyar yara karo na biyu. Ina jin kaina ina yin kewayen da innarku ta hana ni. Dije ta bar ni na gama, sannan ta cire jakar daga wuyanta ta ajiye a kan tabarma tsakanina da ita.

"Yaya, ka zo amsa ne."

Kafin in buɗe baki ta ci gaba.

"Na san aro ne tun randa ya zo. Kai da ko allura ka ba mutum sai ka ce a kula da tsininta, kai ne za ka ba da wanga kyauta da takarda shahi biyu? Na gane. Ni na tashi Baba Na'Allah. Akuyar tawa ce, ba tashi ba. Na yi don in ɗaure ka, don na ji tsoro. In sunka sallame ni, ban san inda zan kai ɗiyan nan ba." Ta dubi allon. "Amma ban san taka za ta riga tawa ba. Da na ji, ban sake jin daɗin karatun ba. Ga shi. Babu mai sani. Zan ce ya lalace ka kai gyara."

Ina so ku fahimci wannan wurin da kyau, domin shi ne dalilin rubuta babin nan. Har zuwa lokacin ban ba da komai ba. Kunya ce ta aika allon, al'ada ta riƙe shi. Yanzu Dije ta kwance duka biyun, ta ba ni hanyar da zan ɗauka ba tare da kowa ya zarge ni ba. Kuma ina so in ɗauka. Hannuna har ya motsa. Na yi shekara ashirin da wani abu ina shiga aji, ina ganin waɗanda na koyar suna zuwa duba aikina. Ba laifi ba ne mutum ya so ya ci gaba, har yau ban ɗauke shi laifi ba. Amma na auna abin a nan gindin aduwa, kuma awon bai yi wuya ba kamar yadda na so ya yi. In na faɗi, zan koma ajina, albashina yana nan, tuwonku yana nan. In ta faɗi, babu ajin da za ta koma.

Akwai kuma wani abu da na ɓoye. Lokacin da na aika allon, ban haɗa da igiyar cajinsa ba. Ba mantuwa na yi ba. Na riƙe ta ne don in cajin ya ƙare dole a dawo mini da shi. Tana cikin aljihuna a ranar. Na ciro ta na ɗora a kan jakar, na tura su gabanta.

"Na zo kawo miki wagga ne," na ce. "Allon naki ne. Yanzu ni na ce, ba akuya ba."

Ta dubi igiyar, ta dube ni, sai ta fashe da dariya tana share ido da bakin mayafi.

"Yaya! Ai mai cajin salula na kasuwa shina da irinta. Sau biyu ina kai mishi."

"To ki riƙe. Tashi ba a san inda ta hito ba."

Na kwana a ƙauyen, da safe na bi amalanke na dawo. Allon bai sake kwana a gidana ba. Bayan jarrabawa Dije ta so ta maido, na ƙi, domin abin da ka bayar da bakinka ya wuce. Ya zauna a hannunta shekaru, malaman ƙauyukan da ke kewaye suna karɓa suna mayarwa, har fuskarsa ta tsage. Littattafan da na tara da bayanan da na rubuta sun tafi tare da shi. Na yi niyyar in sake tarawa, ban samu ƙarfin farawa daga farko ba.

Na zauna jarrabawata a Doso da abin da ke kaina da takardun aro. Babbar tambayar ta fito a kan dokokin aikin makaranta. Na san littafin da ke da amsar, na san babin, har ina ganin jan layina a ido, amma abin da ke saman layin ya ƙi zuwa. Na rubuta abin da na iya. Da sakamako ya fito babu sunana. Babu wanda ya cire shi, babu wanda ya sa na wani a wurinsa. Waɗanda suka ci sun fi ni shiri, na san wasunsu, kuma sun yi aikin da kyau. Ban ce da allon na hannuna lalle zan ci ba. Mai yiwuwa in ci, mai yiwuwa in faɗi. Wannan ba zan taɓa sani ba, kuma rashin sanin ya dame ni fiye da faɗuwar, na wani lokaci. Washegari na ɗauki allina na shiga aji. Mushe Bubakar bai tsokane ni ba a ranar, abin da ya sa na gane lalle ya ji mini.

Nasu sakamakon ya daɗe, sai da aka yi shuka. Wata ranar Talata da hantsi, ina tsakiyar darasi, salulata ta yi ƙara. Ban saba ɗauka a aji ba, amma na ga sunanta, na fita baranda. Ta hau tudun da ake samun layi a bayan ƙauyensu, iska tana kaɗa maganar, rabi na ji rabi ba na ji.

"Yaya! Na ci! Sunana na ciki!"

Na ce alhamdu lillahi, na sake cewa, ban san sau nawa ba. Ta yi ta magana, wa ya ci, wa ya faɗi, yadda Baba Na'Allah ya yi kuka. Ta riga ta ji nawa labarin daga innarku, ko da yake ni ban taɓa gaya mata ba.

"Yaya, in tambaye ka?"

"Tambayi."

"Da ka ɗauka ran nan, da ka ci?"

"Ban sani ba, Dije."

"To ka yi da-na-sani?"

"A'a."

Ta jira. Ina jin iskar tudun a cikin salula, ina jin numfashinta. Ta san ni tun tana goye, ta san ban cika rufe magana ba sai na bar mata 'yar ƙofa. Ta jira sauran.

"Shi ke nan?" ta ce.

"Shi ke nan. Sauka daga tudun nan, rana ta yi. Yara na jirana."